Kalandar hoto: a aika wa intanet ko a kai wa mai ɗab'in gari?

Da zarar hunturu ya fara kaɗawa a Bauchi, wajen ƙarshen Nuwamba, kasuwar kalanda ta buɗe ke nan. Lokacin ne bukukuwan aure ke cunkushewa, Islamiyyu ke shirin walimar sauka, ƙungiyoyi ke neman abin da za su raba wa mambobi kafin Janairu ya kama, 'yan siyasa kuma, ko da zaɓe ko babu, ba sa son bangon shagon mai shayi ya kwana babu fuskarsu. A Shadawanka akwai ƙarin dalili. Nan ne barikin Birged ta 33 ta sojojin atilare yake, kuma ƙarshen shekara a bariki lokaci ne na bikin WASA, da liyafar waɗanda aka ƙara wa girma, da sallamar waɗanda suka yi ritaya. Kowanne cikin waɗannan yana iya ƙarewa da kalanda mai hoto, wadda za a miƙa wa baƙo tare da memo da robar tsaraba.

A da babu wata shawara da za a yi. Ka ɗauki hotunanka ka shiga cikin gari, wajen Wunti ko wani shago da aka yi maka kwatance, ka zauna kusa da yaro mai kwamfuta ya buɗe CorelDRAW, ku yi ta ja har ku daidaita. Yanzu wayar da ke aljihu ta kawo wata hanya, kuma gardama ta shiga gidaje: 'yar gida mai karatu a jami'ar ATBU tana cewa a bar mata ta yi a intanet, uba yana cewa shi ba ya biyan kuɗi ga wanda bai san ƙofar shagonsa ba.

Kafin a raba gardamar, ya kamata a san cewa abin da ake kira yi a intanet ba abu ɗaya ba ne. Akwai manyan kamfanonin waje irin su Shutterfly, da aka kafa a Amurka a 1999, da Vistaprint, waɗanda za ka loda musu hoto su buga su aiko. Akwai na gida da ke aiki da irin wannan tsari, kamar Printivo da ya fara a Legas wajen 2014, waɗanda ke karɓar naira. Sai kuma manhajojin tsara zane, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Canva, da ta fito daga Ostareliya a 2013, inda mutum zai tsara abinsa da kansa ya sauke shi a matsayin PDF ya kai duk inda ya ga dama. Yawancin musun da ake yi, wani na yabon na uku ne, wani kuma na kushe na farko, kowa yana zaton magana ɗaya suke yi.

Hujjar masu son intanet tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ta farko ita ce iko da abinka. Duk wanda ya taɓa zama gefen mai zane ya san yadda abin yake: ka ce a rage furanni, ya ce ai su ake yayi; ka ce launin ya yi ja da yawa, ya ce idan an buga zai lafa. Ga mutum biyar a bayanka suna jiran layi, sai kunya ta sa ka amince da abin da ranka bai kwanta da shi ba. A waya kuwa babu mai hararar ka. Amarya za ta iya sauya hoton watan Afrilu sau goma cikin dare, ta tura wa ƙawayenta su ba da ra'ayi, ta gyara sunan kakarta da aka rubuta ba daidai ba, ba tare da ta biya kuɗin Keke Napep ko sau ɗaya ba. Ga matar da fita ba ta yi mata sauƙi, ko ma'aikacin da ba ya tashi aiki sai shaguna sun rufe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyu ita ce farashi a fili. A shafin kamfani za ka zaɓi girman takarda, da kaurinta, da yawan kwafi, kuɗin ya fito nan take, kuma shi ne za a faɗa wa kowa. A shago kuwa sau da yawa farashi yana duban takalmin mai tambaya. Wanda ya sauko daga mota da babbar riga ba zai ji abin da ɗan makaranta ya ji ba.

Ta uku ta fi shafar mutanen bariki. Soja yau yana Bauchi, baɗi yana Maiduguri ko Fatakwal. Iyalinsa suna iya kasancewa a Makurɗi, iyayensa a Ilori. Idan zanen kalandar yana ajiye a asusunsa na intanet, duk inda aka tura shi zai buɗe ya sauya shekara da hotuna, ya sa a kai wa mahaifiyarsa kwafi har gida ba tare da ya bi ta hannunsa ba. Wanda ya bar zanensa a kwamfutar wani shago a Bauchi kuwa, ranar da ya dawo nema za a iya ce masa an wanke kwamfutar, ko yaron da ya yi aikin ya koma Kano.

To, sai ɗaya ɓangaren. Masu cewa a tsaya a gida sukan fara da maganar kuɗi, kuma a nan sai an fahimci yadda bugun yake. Injin bugu iri biyu ne. Akwai babba na maɗaba'a, wanda sai an yi wa kowane launi farantinsa: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, faranti huɗu ke nan ga kowane shafi mai kala. Kuɗin faranti da na daidaita inji ɗaya ne, ko kwafi 50 za a buga ko 2000. Shi ya sa kalandar ɗan siyasa mai shafi ɗaya, da ake bugawa dubbai, take zuwa da arha ƙwarai a kan kowane kwafi. Akwai kuma injin dijital, wanda ba ya buƙatar faranti, yana bugawa kai tsaye daga kwamfuta, amma kuɗin kwafi na ɗari kusan daidai yake da na farko. Kamfanonin kalandar hoto na waje an gina su ne a kan na biyun, domin Ba'amurke kwafi uku ko biyar yake so, ɗaya na kicin, ɗaya na kaka. Mu kuwa wa ya taɓa buga kalandar biki biyar? Dangin uwa kaɗai sun cinye hamsin. Saboda haka farashin da ya yi kyau a shafi idan kwafi ɗaya ne, yakan zama abin tsoro idan aka ninka shi sau 300.

Ga dala kuma. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1500 a cikin 2024. Kafin nan ma, a 2022 da farkon 2023, bankuna da dama sun rage ko sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, kuma ko da wasu suka dawo da ita daga baya, da iyaka suka dawo. Ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, za ka ga cewa aika hoto Amurka don a bugo kalanda zuwa Shadawanka aiki ne na mai abin hannu da ke son burgewa. A ganina wannan ɓangaren gardamar ya mutu tun kafin a fara shi. Sai dai kada mai ɗab'in gida ya yi dariya da yawa, domin shi ma dalar ce ke juya shi: masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, takarda mai sheƙi da tawada da faranti duk daga waje ake shigo da su.

Kamfanin Legas ba shi da matsalar dala a wajen biya, amma yana da ta nisa. Tsakanin Legas da Bauchi ya fi kilomita 1000 a mota, kuma kayan takarda nauyi gare su. Kwali ya kwana biyu ko uku a hanya, a jefa shi nan a danne shi can, ya iso da kusurwa a lanƙwashe. Adireshi ma wani aiki ne, don yawancinmu da kwatance muke rayuwa: bayan masallaci, kusa da gidan mai. A ƙofar bariki kuma ɗan aike ba ya shiga yadda ya ga dama, sai dai a kira ka ka fito. Duk wannan ana iya jurewa idan akwai lokaci. Amma biki ba ya jira. Idan ɗaurin aure Asabar ne, kwali ya iso Alhamis aka buɗe aka ga an rubuta sunan ango ba daidai ba, wa za ka kama? Lambar waya ce kawai a hannunka, da wata murya mai ladabi da za ta ce ka turo hoton kuskuren za a duba.

Inda na fi ganin nauyin hujjar masu gida shi ne abin da ke cikin kalandar kanta, ba hoton ba. Mutane sukan manta cewa kalanda aikinta nuna kwanaki, kuma kwanakinmu ba irin na wanda ya tsara samfurin ba ne. Samfurin da aka yi don kasuwar Amurka zai zo maka da 4 ga Yuli da sauran ranakun hutunsu, babu 1 ga Oktoba, babu 12 ga Yuni. Mutumin bariki zai so ya ga 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, da 6 ga Yuli, ranar sojojin ƙasa. Mutumin Bauchi zai iya son 3 ga Fabrairu, ranar da aka ƙirƙiro jihar a 1976. Ana iya ƙara waɗannan da hannu, gaskiya ne. Abin da ke da wuyar ƙarawa shi ne kwanan watan Musulunci a ƙarƙashin kowace rana ta shekara gaba ɗaya.

Ga dattijon da zai rataye kalandar a zaure, ƙananan lambobin nan su ne kalandar. Da su yake sanin ranakun azumin tsakiyar wata, da saura kwana nawa Rajab ya kama, da lokacin da zakkarsa ta cika shekara. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 12, don haka ba a kwafo ta bara a liƙa. Shekarar 1447 ta shigo ne a ƙarshen Yunin 2025, mai bi mata kuma a tsakiyar Yunin 2026. Manhajojin da ke ba da kwanan Hijira galibi lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya suke bi, alhali a Najeriya wata yana kamawa ne da sanarwar Sarkin Musulmi bayan rahoton kwamitin ganin wata, kuma akan sami bambancin kwana ɗaya. Mai ɗab'in gari shi ma hasashe yake yi, ba shi da ilmin gaibu. Bambancin shi ne ya san cewa dole a sa, ya saba jera lambobin biyu a gida ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba, ya san a ba Juma'a launinta, kuma idan ka ce a ƙara jadawalin lokutan salla na Bauchi ba zai tsaya yana kallon ka ba. Makwabcinka Kirista a bariki shi ma yana da tasa buƙatar, don Ista ba ta da tsayayyar rana, kuma cocinsa na da ranakun taronta. Shagon da ke yi wa masallaci da coci aiki a mako ɗaya ya san duk wannan da ka.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ƙayatarwa da ke cikin samfuran nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta ɗaurin aure, harafin farko ya fito da wani salo dabam kamar baƙo a cikin sahu, ko ya zama ɗan akwati fanko. Rubutun Larabci kuma, idan manhaja ba ta iya shi ba, yakan rarrabe haruffa ko ya juya su baya. A nan dai kada a wanke masu shago, domin da yawansu ba sa damuwa da lanƙwasar ko kaɗan, sai mai aiki ya matsa.

Maganar kyan hoto kuwa, laifin sau da yawa ba na kowane ɓangare ba ne, namu ne. Fuskar waya da haske take nuna launi, takarda kuma da tawada, don haka abin da ya yi ƙyalli a waya yakan dusashe ko ya yi duhu a bugu, musamman fuskar baƙin mutum a cikin farin kaya. Sannan hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa girma. Don a cika takardar A3 da hoto mai kaifi ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai kimanin ɗigo 3500 a faɗi da kusan 5000 a tsawo. Wanda ya bi ta hannun mutum huɗu a WhatsApp bai kai rabin haka ba. Kamfanonin intanet masu kyau sukan yi maka gargaɗi tun kana lodawa cewa hoton ya yi ƙanƙanta. Mai shago kuma yana da abin da su ba su da shi: zai buga maka kwafi ɗaya ka riƙe a hannu, ka fita da shi rana ka duba, kafin inji ya ci takarda.

Akwai hujjar da kowane ɓangare ke ɗauka tasa ce, ita ce ta sirri. Masu gida suna cewa: yaya za ka loda hoton matarka da 'ya'yanka a kwamfutar kamfanin da ba ka san ƙasar da take ba? Tambaya ce mai kyau. Hoton waya yakan ɗauke da bayanan ɓoye, har da ranar da aka ɗauka, wani lokaci da daidai wurin, idan an bar wayar tana nuna wuri. Ga farar hula wannan abin lura ne, ga soja kuwa ya wuce haka. Hoton da aka ɗauka cikin kaki a harabar bariki, da mota ko gini a baya, ba abin da za a watsa ba ne ba tare da tunani ba, kuma rundunar soja tana da ƙa'idojinta a kan abin da jami'anta ke sakawa a intanet. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma kamfanin da ke da rajista a ƙasar nan ana iya kai ƙararsa. Na ƙetare kuwa, ko da doka ta hau kansa a takarda, bin hakki a wajensa daga Bauchi ba wasa ba ne.

Amma a juya tambayar. Wa ya fi iya cutar da amarya, baƙon da ke wata nahiya wanda bai san sunan unguwarsu ba, ko yaron shago da ya san yayanta? A shagunan da yawa hotunan kowa suna zube a kwamfuta ɗaya, wanda ya zo buga takardar makaranta yana leƙen abin da ke kan allo. Hotunan kafin biki, waɗanda dama malamai da iyaye da yawa ba sa maraba da su, sukan riga katin gayyata zaga gari ta wannan hanya. Wani mai shagon kuma zai ɗauki kalandar da ta fi kyau ya manna a ƙofa don talla, bai tambayi kowa ba, ta yi shekara biyu a nan ko da auren bai kai haka ba. Idan tsoron tsegumi ne, na kusa ya fi na nesa haɗari. Idan tsoron inda bayanai za su ƙare ne bayan shekaru, na nesa ya fi. Kowa sai ya duba wanne ne nasa tsoron.

Ba a rufe wannan babi ba sai an ambaci alkawari.

"Malam, yaya maganar aikina? Ka ce Talata."

"Wallahi Hajiya, tun shekaranjiya ba wuta, dizal kuma kin san yadda yake. Ki yi haƙuri zuwa bayan La'asar, in Allah ya yarda."

Wannan zance ba baƙo ba ne ga kowa. Masu intanet suna da gaskiya idan suka ce kamfani mai tsari yana ba ka rana ya kuma cika. Sai dai Hajiya tana da abin yi: za ta dawo bayan La'asar ta zauna a benci, ko ta aiko ƙanin mijinta, ko a yi wa mai shagon magana ta bakin limamin unguwarsu. Mutumin da zai haɗu da kai a jana'iza da ɗaurin aure yana da abin da zai rasa idan ya ci amanarka. Wannan ba a rubuce yake a rasit ba, amma a garinmu yana aiki fiye da abin da ke rubuce.

Wani abin ban dariya shi ne iyakar da ake ja tsakanin ɓangarorin biyu ta daɗe da gogewa. Mai shagon da uba ya amince da shi, idan aikin ya fi ƙarfin injinsa, tura shi yake yi ta waya zuwa Jos ko Kano ko Kaduna, wani lokaci har Shomolu a Legas, inda maɗaba'u suka yi cincirindo, a bugo a ba direba a tasha ya kawo. Kuɗin ma taransifa ake yi. Wato uban da ya ƙi intanet ya yi amfani da ita, sai dai ta hannun wanda zai iya riƙe wa riga.

Ni dai inda na karkata shi ne a raba aikin biyu. Tsarawa a bar wa 'yar gida da wayarta, don a nan intanet ta yi wa shago nisa: ta zaɓi salon rubutun da ke da haruffan Hausa, ta karɓi hotuna na asali daga mai hoto, ta sauke zanen a PDF na bugu. Kwanakin Hijira da bugu a kai wa na gari, a tura masa fayil ɗin a matsayin takarda ba a matsayin hoto ba, a ga kwafin gwaji, a biya rabi, a kuma faɗa masa baki da baki cewa ba a yarda a manna a ƙofa ba, a goge hotunan idan an gama. Wanda ke son kwafi biyar ko goma na iyali, mai shafi goma sha biyu da zoben waya, kuma yana da wata guda a gaba, kamfanin intanet na cikin ƙasa zai iya fi masa, da sharaɗin ya fara da kwafi ɗaya, ya karanta abin da suka ce game da sake bugu idan kuskuren nasu ne, ya kuma tabbatar suna kai kaya Bauchi da nawa.

Abu ɗaya ne babu ɓangaren da zai yanke maka: ko za a sa aya a jiki. Mutane na son Bisimilla ko wata aya a saman kalandar biki don neman albarka, mai zane kuma zai sa ba musu. Amma kalanda shekara ɗaya take yi, kuma kwafi 300 da aka raba ba ka da iko da inda za su faɗa. Wasu za su zama bangon littafin 'yan makaranta, wasu shimfiɗar kanta, wasu mai ƙosai ce za ta naɗe da su. Gara a rubuta addu'ar da Hausa, Allah ya ba da zaman lafiya, a bar ayar inda za a kiyaye ta.